Tambayi Injiniya: Bawul, Geji Da Tukunyar Da Ke Huci

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan bututu da bawul da geji suka faɗa, na zaɓi biyar daga ciki. Masu aiko da hoton na'ura, don Allah ku riƙa ɗaukar ƙaramin farantin ƙarfen nan da ke manne a jikinta, wanda aka buga lambobi a kai. Hoton fenti ba ya gaya mini komai.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ina da ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa da waken suya. Tukunyar tururinmu, wato boila, a kan matsin bar 8 take aiki. Kwanan nan bawul na kariya da ke samanta, mai rage matsi in ya yi yawa, ya fara huci yana fitar da tururi, alhali geji, wato agogon awon matsi, bar 6 yake nunawa. Fitanmu, wato mai haɗa mana bututu da gyara, ya ce bawul ɗin ne ya gaji, ya ƙara ɗaure sifirin ɗinsa, hucin ya tsaya. Wannan ya wadatar, ko in sayi sabo?
Daga wani Alhaji, Dakace.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka aika a janye wutar tukunyar nan yau, kada a jira ƙarshen mako. Ba tsoratarwa nake ba.

Abubuwa biyu ne suka yi maka magana, maganarsu ta saɓa. Geji ya ce bar 6, bawul ya ce matsi ya kai inda aka saita shi, 9 ne ko 10. Dole ɗaya ya yi ƙarya. Fitanka bai bincika wane ne ba, ya zaɓi mai surutun ya toshe masa baki. In bawul ɗin ne mai gaskiya, to yanzu tukunyarka tana hawa matsin da ba wanda ya san iyakarsa, ƙofar da za ta rage shi kuma an danne ta.

A abin da na gani a wuraren aiki, geji ya fi yawan yin ƙarya. A cikinsa akwai wani lanƙwasasshen bututun tagulla, ƙirar wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon tun 1849. In matsi ya shiga sai bututun ya nemi miƙewa, ya ja allura. Abu ne mai laushi. Tururi in ya shige shi kai tsaye yakan gasa shi, shi ya sa ake sa wani ɗan bututu mai naɗi kamar zobe a ƙarƙashin gejin, ruwa ya kwanta a ciki ya tare zafi. Leƙa ka gani ko naka yana da shi. In yana da shi, to a kwance a duba ko ya toshe, domin ruwan burtsatse da ba a tace ba yana barin farin dutse a duk inda ya dahu, kuma toshewar wannan ɗan bututun ita ce ke sa allura ta tsaya wuri ɗaya ko ta riƙa nuna ƙasa da abin da ke akwai. Gwaji mai sauƙi: in tukunya ta huce sarai, allura ta komo sifiri? Gejin da ba ya komawa sifiri ya gama aiki.

Yana yiwuwa kuma bawul ɗin ne. Dutsen nan ɗaya yakan zauna a bakinsa ya hana shi rufuwa daidai, sai ya riƙa tsiyaya tun matsi bai kai ba. Haka in ana aiki dab da inda aka saita shi, zai yi ta tsaki. Ana son tazarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari tsakanin matsin aiki da matsin buɗewarsa. Amma ko a nan ɗin ma maganin ba sifana ba ne. Kwance shi ake yi, a wanke, a goge bakin, a ɗora shi a teburin gwaji a saita da gejin da aka tabbatar, sannan a ɗaure masa waya da hatimi don kada wani ya sake taɓawa.

Bari in gaya maka dalilin da na ce yau. A bar 8, ruwan da ke cikin tukunyarka yana da zafin digiri 175, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. In ƙarfe ya tsage, matsin ya gushe, kusan kashi 14 cikin ɗari na ruwan zai koma tururi a ƙiftawar ido, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki. Kilo 1,000 na ruwa zai ba ka tururin da ya haura kubik mita 230. Wannan shi ke ɗaga rufi. A watan Maris na 1905 wata tukunya ta fashe a masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu. Tsagewar ɗinkin ƙarfe ce ta jawo waccan, amma irin waɗannan asarori ne suka sa ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta fito da ƙa'idojin tukunyar tururi da har gobe ake bi. Mu ma Dokar Masana'antu ta ƙasarmu ta wajabta wa kowace tukunya bawul na kariya, da gejin matsi, da gilashin ganin ruwa, da dubawar ƙwararre lokaci-lokaci.

Saboda haka: sabon geji tukuna, wanda ma'auninsa ya kai bar 16, domin allura ta riƙa zama a tsakiya. Bawul kuma ko gwaji ko sabo, lissafin wanda aka ɗaure ya riga ya ɓace. Kada a sa wani bawul na rufewa tsakaninsa da tukunya, ko da wa ya kawo shawarar. Kuma ka gaya wa mai hura wuta, in ya ga ruwa ya ɓace a gilashi, wuta zai janye, ba ruwan sanyi zai banka wa jan ƙarfe ba.

Fitan naka kada ka kore shi. Abin da ya ga ana yi ne ya yi. Ka sa shi ya tsaya a wurin ranar da za a yi gwajin.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan sinadarai, zan tafi koyon aiki a masana'anta. Me ya sa na'urorin awo ke aika saƙo da kwararar lantarki ta 4 zuwa 20 mA, wato miliamfa? Ba zai fi sauƙi a fara daga sifiri ba?
Daga 'yarka, Samaru.

Amsa: 'Yata, zai fi sauƙi a takardar jarrabawa. A wurin aiki kuwa, a ce taransimita, na'urar da ke awo ta aika saƙon, tana auna matsi daga 0 zuwa bar 10, sai ɓera ya ci waya. In da sifiri ake farawa, ɗakin kula zai ga sifiri ya ɗauka babu matsi a layin, wani ya je ya kwance noti. Amma da yake sifirin awo shi ne 4 mA, ganin 0 mA yana nufin waya ta tsinke ko wuta ta ɗauke. Yawancin na'urorin yanzu ma, in suka ji ciwo a cikinsu, da gangan suke sauka ƙasa da 3.6 mA ko su haura 21 mA don a gane ba awo ba ne.

Amfani na biyu, wannan 4 mA ɗin shi ne abincin taransimitar. Da shi take rayuwa, shi ya sa waya biyu kacal suka isa: wutar volt 24 ta tafi, saƙo ya dawo, duk a kansu. Sannan kwararar lantarki iri ɗaya ce a ko'ina cikin zagayen, tsawon waya ba ya rage ta yadda yake rage volt.

Lissafin da za a tambaye ki ranar farko: tazarar 16 ce, ba 20 ba. A ma'aunin 0 zuwa 10, rabi shi ne 12 mA, wato bar 5, 8 mA kuma bar 2.5. In aka bi da saƙon ta resisto mai om 250, sai ya zama volt 1 zuwa 5. Kafin zuwan lantarki da iska ake aika saƙon, matsin psi 3 zuwa 15, kuma dabarar ɗaya ce, ba a fara da sifiri ba. Za ki tarar da wannan tsarin iskan har yanzu a kan bawuloli da yawa. In kin ji ana cewa HART, wani saƙon kwamfuta ne da ake ɗorawa a kan wayoyin nan biyu ba tare da ya taɓa 4 zuwa 20 ɗin ba.

Ki nemi a haɗa ki da masu gyaran na'ura, ba masu zaman ofis ba, ki kuma riƙe mita da hannunki.

Tambaya: Ranka ya daɗe. Ni ma'aikacin kula da na'urori ne a wata masana'anta. Muna da bawul mai aiki da iska a layin inci 4, shi ke sarrafa ruwan da ke shiga tanki. Ba ya zama wuri ɗaya, kullum hawa da sauka, kuma da wuya ya wuce kashi 10 a buɗe. Mun canja lambobin kwanturola, na'urar da ke ba bawul ɗin umarni, har mun gaji. Oga ya ce a sayo sabo irinsa.
Daga wani ɗanka, Sabon Gari.

Amsa: Ɗana, in kuka sayo irinsa, rawa iri ɗaya zai yi muku, sai dai da sabon fenti. Amsar tana cikin wasiƙarka: ba ya wuce kashi 10. Bawul ɗin ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi.

Ba faɗin bututu ake dubawa a zaɓi bawul na sarrafawa ba. Akwai lambar da ake kira Kv, wato kubik mita nawa na ruwa zai wuce cikin awa ɗaya in bambancin matsi tsakanin gaba da bayan bawul ɗin bar 1 ne. Amurkawa da Cv suke aiki, ta ɗara Kv da kamar kashi 16 cikin ɗari. Kwararar tana bin tushen murabba'in bambancin matsi ne: in ka ninka bambancin sau huɗu, ruwan sau biyu kawai zai ƙaru. Mu ƙaddara kubik mita 8 kuke buƙata a awa, bambancin kuma bar 4, to Kv ɗin da kuke nema 4 ne. Gulob-bawul mai inci 4 kuwa, in ya buɗe duka, yakan kai wajen 160. Ka ga kashi biyu da rabi na ƙarfinsa kuke amfani da shi. Kamar a ba mai shayi bokiti ne a ce ya cika ƙaramin kofi: ya ɗan karkata ya zube, ya ɗan ɗaga babu ko ɗigo. Mai inci 1, da Kv ɗinsa ke wajen 10, shi zai zauna lafiya a wannan aikin. Ana son bawul ya riƙa yawo tsakanin kashi 20 da 80.

Wannan ciwon ya yi yawa a masana'antunmu, kuma ba lallai laifin wanda ya zana ba ne. An gina wurin don ya yi aiki cikakke, yau ga tsadar dizal ga ƙarancin kaya, ana yin kwata ko ƙasa da haka, bawul kuwa na nan yadda aka sa shi. Wani lokacin ba sai an canja gangar jikin ba, ana samun ƙananan kayan ciki daga kamfanin da ya ƙera shi. Ku yi hanzari kuma, domin aiki dab da rufewa yana sa ruwa ya riƙa fita da gudu ta ƙaramar kafa yana cin bakin bawul ɗin. In ka kara kunne ka ji kamar tsakuwa na gudu a ciki, kumfar tururi ce ke tasowa tana fashewa a jikin ƙarfe, wata rana za ku rufe ya ƙi rufuwa.

Amma kafin ka je wa oga da lissafi, yi gwaji. Mai da kwanturola hannu, ka bar bawul a wuri ɗaya. In rawar ta ci gaba, daga wani wurin take zuwa, ko famfo ko wani layin da kuke raba ruwa da shi. In ta tsaya, to a gidanku take. Sai ka samu lokacin da aka tsayar da layin, ka tsaya a gaban bawul ɗin da ƙafarka, abokin aikinka ya riƙa ba shi 4, 8, 12, 16, 20 mA. Sandarsa ta tsaya a rufe, kwata, rabi, kashi 75, buɗe duka. Daga nan ku riƙa ƙara kashi ɗaya-ɗaya. In ya yi shiru sau biyu sau uku, sannan ya zabura gaba ɗaya, sandar na maƙalewa ne. Sau da yawa wani ne ya ga ɗigo a wuyan bawul ya ɗaure fakin, abin da ke tare ɗigo a wurin, har ya shaƙe sandar. Babu lambar kwanturola da ke gyara wannan.

Sai iska. Da damina kwamfuresa ruwa yake tarawa, da hunturu kuma ƙurar Zariya ba sai na ba ka labari ba. Kafofin da ke cikin na'urar da ke daidaita tsayuwar bawul ba su fi bakin allura ba. Buɗe ƙasan matacin iskar da ke jikinsa. In ruwa mai kalar tsatsa ya fito, ka fara daga nan.

Na ce ka tsaya da ƙafarka ne saboda abin da allo ke nuna maka, in bawul ɗin ba shi da na'urar mai da rahoto, umarnin da aka aika ne, ba inda bawul yake ba. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka, wani bawul na rage matsi ya buɗe ya ƙi komawa. Fitilar da ke ɗakin kula ta nuna kamar ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an yanke wutar da ke buɗe shi. Fiye da awa biyu ruwan sanyaya injin yana ficewa, ƙwararru na zaune suna kallon fitila, har kusan rabin zuciyar injin ta narke. Tankinku na ruwa ne, ba nukiliya ba, amma na sha tarar da allo na cewa kashi 50, sanda kuwa ta daɗe da cirewa daga abin da ke tura ta.

Abu na ƙarshe, tunda ka sa ni magana. Duba ina bawul ɗin ke komawa in iska ta ɗauke. Akwai sifirin a kansa da ke mai da shi ko rufe ko buɗe. Bawul na layin mai da na layin tururi rufewa ya kamata su yi, na ruwan sanyaya kuwa buɗewa. Naka da ke cika tanki, yawanci rufewa. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba tambayar aji ba ce. In za ku sayi sabo, a rubuta shi a takardar oda.

Tambaya: Malam, muna da gidan ruwan leda. Duk sanda aka rufe bawul ko aka ɗauke wuta, sai mu ji bututu ya yi "gwaf", har mahaɗa biyu sun ɓalle. Mai haɗa mana fayif ya ce gam ne ba mai kyau ba.
Daga wata Hajiya, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, gam bai yi laifi ba. Ruwa na da nauyi, kuma ba ya matsuwa. In yana gudu aka tare shi farat ɗaya, ƙarfinsa a jikin bututu yake ƙarewa. Wani masani ɗan Rasha, Joukowsky, ya fitar da lissafin tun 1898: tsayar da ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa yana ƙara wajen bar 12 a bututun ƙarfe, wajen bar 4 a na roba. Ki kwatanta da tankin da aka ɗora a tsayin mita 10, wanda bar 1 kawai yake bayarwa.

Bol-bawul mai hannu, da juyi ɗaya yake rufewa, shi ne babban mai jawo wannan. Ki koya wa yara su riƙa rufewa a hankali, suna ƙirga biyar zuwa goma. Na ɗauke wuta kuma, non-ritan ɗinku ne, wato bawul mai hana ruwa komawa baya: famfo ya tsaya, ruwa ya juyo, marfin ya bugu. A canja shi da mai sifirin, wanda ke rufewa tun ruwan bai juyo ba, a sa ƙaramin tankin matsi mai iska kusa da famfon, a kuma ɗaure bututu a bango wajen kowace kwana. Get-bawul mai sitiyari yana rufewa a hankali, amma shi ko buɗe duka ko rufe duka. In kuka bar shi rabi don rage ruwa, zai cinye.

Tambaya: Baba, bawul na gwanjo da ake kawowa daga waje, a saya ko a bari? Sabo ya yi tsada.
Daga wani fita, Kwangila.

Amsa: Ana saya, ni ma ina saya. Tsohon bawul na kirki ya fi sabon jabu. Sai dai ka je da buroshin waya, ka goge jikinsa ka karanta abin da aka zuba a ƙarfen. DN faɗi ne da milimita, DN50 shi ne inci 2. PN16 na nufin bar 16, amma a sanyi. Da zafi ya hau, lambar sauka take yi: na ƙarfe mai ajin 150 a tsarin Amurka yana ɗaukar bar 19.6 a digiri 38, a digiri 200 kuwa 13.8. WCB baƙin ƙarfe ne, CF8M kuma mara tsatsa. Wanda aka rubuta WOG a jikinsa na ruwa da mai da gas ne, lambar ba ta tururi ba ce. Wanda ba rubutu ko ɗaya, bar masa kayansa.

Ka tafi da gaskit na layinka ka ɗora a fuskar bawul ɗin, domin ramukan noti na tsarin Turai da na Amurka ba kullum suke haɗuwa ba, kuma ban yarda da faɗaɗa rami da wuta ba. Kada ka sa na tagulla a layin amoniya na ɗakin sanyi, amoniya na tsaga shi. Kada ka sa na gwanjo a layin abinci ko ruwan sha, tunda ba ka san abin da ya bi ta cikinsa ba. Bawul na kariya kuwa, ko kyauta aka ba ka, sai ya hau teburin gwaji.

In ka kawo shi gida, gwada gangar jikin da ruwa, ninki ɗaya da rabi na matsin da aka rubuta, bawul a buɗe, bakunansa biyu a toshe. Da ruwa na ce, ba iskar kwamfuresa ba: in ya fashe da ruwa tsiyaya zai yi, da iska kuwa ɓaraguzan ƙarfe ne za su tashi. Sannan ka rufe shi, ka matsa daga gefe ɗaya, ka sa busasshiyar takarda a ɗaya gefen ka jira minti biyar. Tun a kasuwa ka yi sharaɗi da mai kayan cewa in takardar ta jiƙe za ka dawo masa da shi.